Yadda Ake Gane Shekaru da Asalin Bindigar Lee-Enfield da Soja Suka Sabunta

Wanda ya taso a Arewa da wuya a ce bai taɓa jin labarin 'yan Boma ba, dattawan nan da aka kwasa a yaƙin duniya na biyu suka je suka fafata da Japanawa a dazuzzukan ƙasar Bama. Sunayen barikokinmu ma suna riƙe da labarin: Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, duk daga can aka samo su. Bindigar da ke rataye a kafaɗar waɗannan mutane, na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1943, ita ce Lee-Enfield mai cin harsashi .303. Ita ce kuma ta daɗe a hannun 'yan sandanmu har jama'a suka riƙa ce mata mak-fo. Shi ya sa ba na kallon wannan bindiga a matsayin kayan Turawa kawai. Kakanninmu sun ɗauke ta, sun goge ta, sun kwana da ita cikin ruwan sama.

Yau an ƙera miliyoyinta an gama, da yawa daga cikin waɗanda suka rage suna gidajen tarihi da hannun masu tara kayan tarihi a Ingila, Amurka, Kanada da Ostareliya. Matsalar da kowane sabon shiga ke faɗawa ita ce ya ga shekara guda a jikin ƙarfe, misali 1917, ya ce shi ke nan ya san shekarun bindigar. Wannan shekara ta uwar ƙarfen ce kaɗai, wato ƙarfen tsakiya da bututu da ƙota ke haɗe da shi. Bututun zai iya zama na 1942, ƙotar ta 1953, fentin kuma na wata ƙasa can daban. A wancan zamani sojan Birtaniya ba ya jefar da bindiga don ta tsufa. Kwance ta ake yi, a canza abin da ya mutu, a buga hatimi, a mayar da ita aiki. Don haka bindiga guda tana iya ɗauke da shekaru uku ko huɗu, kuma aikin mai bincike shi ne ya jera su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mu shiga, a san inda doka ta tsaya. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta saka bindigar soja mai cin .303 cikin jerin makaman da aka haramta wa mutum ya mallaka ba da lasisin shugaban ƙasa ba, kuma tsufanta bai fitar da ita daga wannan jeri ba. Wannan jagora na ma'aikacin gidan tarihi ne, da ɗalibin tarihi mai nazarin hotuna, da 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen da doka ta yarda a ajiye irin wannan kaya da lasisi, ko a ajiye wadda aka kashe ba ta iya harbi.

Mataki na farko: shiri

Ka juya bakin bindigar inda babu mutum, ka cire gidan harsashi, ka ja sakata baya, wato ƙarfen nan mai hannu da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle, ka leƙa da ido ka kuma taɓa da yatsa ka tabbatar babu komai a ciki. Kada ka ce ai ta shekara tamanin a rataye. Sannan ka tanadi tocila, madubin ƙara girma, tsumma mai laushi, ɗan mai, littafi da biro, da wayar ɗaukar hoto. Tocilar ka riƙa haska ta daga gefe, a kwance, don ta haka ne hatimin da ya shafe yake fito da inuwarsa. Abu ɗaya da nake roƙonka: kada samfefa ko burushin waya su kusanci bindigar. Abin da ka kankare da sunan tsafta shi ne shaidar da kake nema.

Mataki na biyu: gane wace iri ce

Iyalin Lee-Enfield na da yawa, amma uku ne za ka fi cin karo da su.

Ta farko ita ce wadda aka fi sani da SMLE, samfurin Mk III da aka karɓa a 1907, wadda a 1926 aka sauya mata suna zuwa No.1 Mk III. Ba ta ɓuya: katako ya rufe bututunta har baki, ga hular ƙarfe a hanci mai ɗan kumburi inda ake maƙala wuƙar bakin bindiga, saitin baya, wato abin da mai harbi ke dubawa ya auna hari, yana zaune a tsakiyar bututu.

Ta biyu ita ce No.4, ta yaƙin duniya na biyu, wadda aka fara ƙerawa da yawa a 1941. Bututunta ya leƙo waje kaɗan ya wuce katako, saitin bayanta ɗan rami ne da ke can baya kusa da idon mai harbi.

Ta uku ita ce No.5, gajera, mai mazurari a baki da roba a gindin ƙota. Zan dawo kanta don ita aka fi yi wa jabu.

Akwai kuma wadda ke ruɗa mutane: ta Indiya ta shekarun 1960, mai suna 2A ko 2A1. Siffarta ta SMLE ce sak, amma harsashin 7.62 take ci, kuma gidan harsashinta ya fi tsayi, gindinsa a miƙe, yana ɗaukar 12 maimakon 10. Wannan sabuwar ƙira ce tun asali, ba tsohuwa aka juya ba.

Mataki na uku: takardar haihuwa

A SMLE, ɗaga hannun sakata ka duba zoben ƙarfen da ƙota ke shiga cikinsa, ɓangaren dama. A galibinsu, nan aka jera komai daga sama zuwa ƙasa: kambin sarauta, haruffan sarki, sunan masana'anta, shekara, sai samfuri. ER na nufin Sarki Edward na Bakwai, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910. GR na Sarki George ne, na Biyar daga 1910 zuwa 1936, na Shida daga 1936 zuwa 1952. Idan haruffan sarki da shekara ba su dace ba, ka tsaya ka sake dubawa da kyau.

Masana'antun su ne ENFIELD, ta gwamnati a arewacin Landan. BSA Co ta Bamingham. LSA Co ta Landan. LITHGOW ta Ostareliya. Da ISHAPORE kusa da Kalkata a Indiya. Na Indiya kafin samun 'yanci a 1947 suna ɗauke da GRI a ƙarƙashin kambi. Bayan 'yanci kambin ya kau, zakokin Ashoka suka maye gurbinsa tare da haruffa RFI. Za ka kuma ga wasu na yaƙin duniya na ɗaya da ba sunan masana'anta a zoben, sai SSA ko NRF a bayan uwar ƙarfe ta hagu. Waɗannan an haɗa su ne da kayan da aka tattaro daga 'yan kwangila daban-daban. Haka nan bayan jiragen Jamus sun yi wa masana'antar BSA ruwan bama-bamai a 1940, an warwatsa aikin zuwa ƙananan wurare, bindigogin lokacin kuwa harafin B kawai suke ɗauke da shi. Irin waɗannan tun daga haihuwa kayansu gauraye ne, don haka kada ka yi musu hukuncin an yi musu kwaskwarima.

Sai ka kula da ɗan tauraron da ke gaban III. Mk III mai tauraro ta shigo ne a ƙarshen 1915 zuwa farkon 1916, lokacin da yaƙi ya matsa aka rage kayan ƙawa don a yi sauri: aka cire ƙarfen da ke toshe gidan harsashi, aka cire saitin dogon zango da ke gefen hagu. Bayan yaƙi an mayar wa wasu ƙarfen toshewar, sai aka soke tauraron da layi. Tauraron da aka soke shi ne shaidar gyara ta farko da za ka koya gani.

A No.4 rubutun yana ɓangaren hagu, a bangon uwar ƙarfe da kuma zoben ƙota. Masana'antu biyar ne suka ƙera ta lokacin yaƙi. Uku a Ingila: Fazakerley ta Libaful, mai alamar ROF(F) ko F, Maltby ta Yokshaya, mai ROFM ko M, da BSA ta Shirley, mai B ko M47 ko M47C. Biyu a ƙetare: Long Branch kusa da Toronto a Kanada, wadda ke rubuta sunanta ɓaro-ɓaro, da Savage ta Amurka, mai harafin S mai kusurwoyi da rubutun U.S. PROPERTY, saboda aro Amurka ta ba Birtaniya a ƙarƙashin shirin ba da aron kayan yaƙi. Lithgow da Ishapore ba su taɓa ƙera No.4 ba, sun ci gaba da tsohuwar SMLE har yaƙi ya ƙare. Enfield kanta 'yan na gwaji kawai ta yi a farkon shekarun 1930.

Sau da yawa rubutun Fazakerley ba ya karantuwa, don da alƙalamin lantarki aka zana shi, ba a buga shi da ƙarfi ba, fenti ɗaya ke binne shi. Nan lambar bindiga za ta cece ka. A galibin na Ingila na lokacin yaƙi, bayan harafin farko akwai lamba mai gida biyar: in ta fara da 1 ta Maltby ce, in da 2 ta Fazakerley, in da 3 ta BSA. Ta Savage tana da C a tsakiyar lambar, ta Long Branch tana da L. Na Fazakerley na bayan yaƙi da yawa suna farawa da PF. Savage ta daina buga shekara a ƙarshen aikinta, wanda ya tsaya a 1944, don haka Savage marar shekara ba abin tuhuma ba ce.

Ita ma No.4 tana da mai tauraro, Mk I*, wadda Long Branch da Savage kaɗai suka yi daga 1942. Bambancin yana wajen cire sakata: Mk I na da ɗan maɓalli a dama da ake dannawa, mai tauraron kuwa tsaga kawai aka yanka a kan hanyar da kan sakata ke bi.

Mataki na huɗu: hatimin gyara

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma ya kamata ka ɓata lokaci.

Haruffa uku FTR suna nufin an mayar da bindigar masana'anta an yi mata cikakken gyara. Kwance ta ake yi gaba ɗaya, a auna kowane ƙarfe da ma'auni, abin da ya gaza a jefar, a sa sabo ko wani mai lafiya daga tarin kaya, a sake rufin ƙarfe, a gwada harbi. Babu mai damuwa da mayar wa bindiga kayanta na asali. Don haka bindigar Maltby mai zoben bututu na Savage da saitin Fazakerley, in tana da FTR, daidai take da tarihinta. Na ga masu tarawa suna cire irin waɗannan kaya suna neman na masana'anta guda don bindigar ta zama tsantsa, kuma a ganina ɓarna suke yi. Abin da makanikin soja ya ɗaura a 1953 tarihi ne. Abin da kai ka ɗaura bana ba tarihi ba ne tukuna.

A No.4, FTR yana bangon hagu, yawanci da alƙalamin lantarki, tare da harafin masana'anta da shekara mai lamba biyu: F na Fazakerley, B na BSA. A na Ostareliya za ka ga FTR tare da MA, alamar Lithgow, da shekara. A Indiya FR suke bugawa, wani lokaci da shekara, a zoben ƙota ta hagu ko a jikin ƙota. Ishapore kan kankare ma rubutun asali gaba ɗaya a wasu bindigogin ta buga nata, har ka rasa sanin wa ya haife su sai ta ƙananan hatiman masu duba aiki da suka tsira.

A 1949 aka fito da No.4 Mk 2. Canjin a ɓoye yake: a da kunamar bindiga tana rataye ne a jikin ƙarfen da ke kare ta, wanda yake kwance a kan katako, in katako ya kumbura ko ya bushe sai nauyin jan kunama ya sauya. A Mk 2 an rataye ta a jikin uwar ƙarfe kanta. Daga nan aka riƙa dawo da tsofaffin na yaƙi ana yi musu wannan gyara. Wadda asalinta Mk I ce ta koma Mk 1/2, mai tauraro ta koma Mk 1/3. Duk inda ka ga ɗaya daga cikin waɗannan biyu, ka san abu biyu nan take: an haife ta lokacin yaƙi ko dab da shi, an sabunta ta daga 1949 zuwa sama. Tsohon rubutun yawanci an ja masa layi, sabon yana gefensa. Kana iya tabbatarwa ba tare da kwance komai ba. Duba ƙarshen katakon gaba, daidai saman kunama: ta yaƙi tana da ɗan maɗaurin ƙarfe da aka dasa da ƙusa, wadda aka juya kuwa sukuru ne ya ratsa daga gefe zuwa gefe. In rubutu ya ce Mk 1/2 amma katakon na maɗauri ne, ko akasin haka, wani ya taɓa ta bayan ta bar soja.

Salon lambar ma shaida ne. Zuwa ƙarshen yaƙi sojan Birtaniya ya bar lambobin Rumawa ya koma lambobin da muka saba, shi ya sa ake rubuta Mk I a na farkon yaƙi, Mk 2 a na baya.

Mataki na biyar: bututu

Shekarar bututu tana ɓoye a ƙarƙashin katakon sama na baya, a gindin bututun inda ya yi kauri. A SMLE wannan katako maƙale yake da ƙarfe mai tsauri, ana ɗaga shi a hankali, kuma kunnuwansa biyu siraran suna saurin karyewa. In hannunka bai saba ba, bari wanda ya saba ya yi. A gefen hagu za ka ga shekara mai lamba biyu, kamar '17 ko '42. In ta dace da ta uwar ƙarfe, ko ta bambanta da shekara guda, bututun haihuwa ne a bisa galibi. In tazarar ta kai shekara goma ko ashirin, an canza shi. Wannan ba aibi ba ne. Harsasan wancan zamani suna barin gishirin da ke cin ƙarfe in ba a wanke da ruwan zafi ba, bututu kuwa shi ne ke fara mutuwa.

HV da za ka gani bayan saitin SMLE na nufin an daidaita saitin da harsashi mai tsini samfurin Mk VII da ya shigo a 1910. Leƙa cikin bututun kuma ka ƙirga tsagogin da suka murɗa. Biyar ne ƙa'ida. In ka ga biyu kacal a No.4, wannan dabarar sauri ce ta lokacin yaƙi, kuma tana nuna maka bututun na wancan zamani ne.

Mataki na shida: lambobi su gaisa

Rubuta lambar uwar ƙarfe, sannan ka bi ta. A SMLE tana jikin bututu, bayan hannun sakata, ƙarƙashin saitin baya, kan hular hanci, da ƙasan katakon gaba. A No.4 wuraren sun ragu, amma sakata dole ne.

Sakatar ce ta fi muhimmanci, don ita ake daidaitawa da bindiga guda, ba a musanya ta kamar murfin tukunya. Za ka tarar da hali uku. Ko dai lambar ta dace kuma salon bugunta iri ɗaya ne da na uwar ƙarfe, wannan ta asali ce. Ko an soke tsohuwar lamba, ko an goge ta an buga sabuwa da ta dace, wannan aikin makanikin soja ne in akwai sauran alamun gyara da ke mara masa baya. Ko kuma lambar daban ce kwata-kwata, wannan yana rage daraja, kuma bai kamata a yi tunanin harba ta ba sai ƙwararren maƙerin bindiga ya auna.

A No.4, kan sakata yana ɗauke da lamba 0, 1, 2 ko 3. Tsayinsu ne ya bambanta kaɗan-kaɗan, ana amfani da su wajen cike tazarar da ke tsakanin sakata da gindin harsashi. Lamba 3 kan sa a yi zaton bindigar ta sha aiki, amma ita kaɗai ba hujja ba ce. Gidan harsashi kuwa kada ya dame ka sosai, da yawa ba a sa musu lamba a masana'anta ba, daga baya aka riƙa bugawa.

Mataki na bakwai: katako, fenti da ƙananan kaya

Katakon farko na Ingila na itacen walnat ne, mai duhu. Da yaƙi ya tsananta aka koma itacen bic da makamantansa. Bic fari ne mai 'yan ɗigo-ɗigo kamar ƙwayar riɗi, kuma shi ya mamaye na bayan yaƙi. Ostareliya ta yi amfani da itatuwan ƙasarta, ɗaya daga cikinsu mai saurin tsagewa ne har sai da aka riƙa dasa 'yan farantan tagulla a cikin katakon gaba inda bugun harbi ke sauka. Lithgow kan buga shekara a gefen dama na ƙota, wadda kan zo bayan ta ƙarfe da 'yan watanni ko shekara. Indiya kuma tana da tata alama da ba ta ɓuya: wani sukuru da ya ratsa katakon gaba, gaban gidan harsashi. Masu tarawa na kiransa sukurun Ishapore. In ka gan shi a jikin bindigar Ingila, ka ɗauka ta yi zama a Indiya.

Mai ne soja suka riƙa shafa wa katako, ba banish ba. Ƙota mai ƙyalli kamar teburin falo, wadda gefunanta suka zama sumul kuma hatimanta suka dushe, ta sha samfefa a hannun farar hula. Facin katako da aka yanka da kyau aka dasa, har da 'yan turakun katako, wannan kuwa aikin makanikin soja ne, kuma ni yana burge ni fiye da ƙota sabuwa. Harafin S, L ko B a saman gindin ƙota tsayinta yake faɗa: gajera, doguwa, ko ta ƙananan mutane.

Ƙarfen SMLE na farko baƙi ne mai ɗan shuɗi. Baƙin fenti mai kyau da aka gasa a kan ƙarfe mai ruwan toka salon Birtaniya ne na ƙarshen yaƙi da bayansa. Baƙin fenti mai kauri da aka shafa kamar da tsintsiya yawanci Indiya yake nunawa. Ka duba ko fentin ya shiga cikin ramukan tsatsa. In ya shiga, bayan tsatsar aka yi shi.

Ƙananan kayan ma suna magana. Lokacin yaƙin duniya na biyu an raba wa 'yan kwangila na Birtaniya lambobi bisa yanki: N na arewa, M na tsakiya, S na kudu. SM da za ka gani a saitin No.4 kamfanin Singer ne, mai keken ɗinkin nan da telolinmu suka sani, daga masana'antarsa ta Sikotlan. Saitin No.4 na farko mai sukurun murɗawa ne har yadi 1300. Da aka matsu aka yi mai ramuka biyu, yadi 300 da 600, da ake kifawa. A gyaran bayan yaƙi an cire da yawa daga cikin na kifawar an mayar da mai kyau.

Ga gargaɗi da ya shafe mu kai tsaye. Tsofaffin SMLE na da ɗan faifan tagulla a ƙota inda ake buga sunan runduna. Sukuru guda ne ke riƙe da shi. In wani ya nuna maka faifai ya ce ga shaidar bindigar ta yi aiki a rundunar Najeriya, ka tuna minti ɗaya ya isa a ɗaura shi. Ka duba ko dattin gefensa da tsufan katakon sun yi zama tare.

Mataki na takwas: inda ta je, da yadda ta fita

Kan kibiya mai kama da sawun kaza shi ne tambarin mallakar gwamnatin Birtaniya. Kibiya cikin C ta Kanada ce, cikin U ta Afirka ta Kudu, tsakanin D biyu ta Ostareliya, tsakanin N da Z ta Niyuzilan. Wanda ya yi karatun allo zai gane na Iraƙi da kansa: harafin jim a cikin kusurwa uku. Kibiya biyu da suka haɗa kai suna nufin soja ya sayar da ita, ta fita daga aiki.

DP shi ne hatimin da ba a wasa da shi. Yana nufin an yanke wa bindigar hukuncin fareti kawai, ba harbi. Akan buga shi a uwar ƙarfe, bututu, sakata da katako, wani lokaci da farin fenti a zagaye. 'Yan kasuwa marasa tsoron Allah kan canza katakon su goge na ƙarfen, don haka ka nemi wurin da ƙarfe ya yi ɗan kwari a saman gindin bututu.

BNP ƙarƙashin kambi, tare da .303, 2.222 da 18.5 TONS, gwajin farar hula ne na Bamingham bisa ƙa'idar da ta fara aiki a 1955. Yana gaya maka ta bi ta kasuwar Ingila daga wannan shekara zuwa sama. Kalmar ENGLAND ita kaɗai yawanci ta waɗanda aka shigar Amurka ce kafin 1968. Sunan kamfani da garinsa da ƙananan haruffa a bakin bututu ko gefen uwar ƙarfe na nuna an shigar da ita bayan dokar Amurka ta 1968.

Mataki na tara: kama da wane ba ta wane

No.5 ta gaskiya Fazakerley da BSA Shirley kaɗai suka ƙera ta, daga 1944 zuwa 1947. Da kasuwarta ta buɗe a Amurka, 'yan kasuwa suka riƙa yanke No.4 da SMLE suna ɗaura musu mazurari. Hanyar ganewa ita ce ramukan rage nauyi. Ta gaskiya an fafe ƙarfe a gindin bututunta ƙarƙashin katakon sama, an rage gefunan uwar ƙarfe ta baya, an huda ƙwallon hannun sakata, saitinta kuma a yadi 800 ya tsaya. Ɗaga katakon sama kawai: in gindin bututun sumul yake ba kwarmi, ba ita ba ce. Rubutun JUNGLE CARBINE a jikin ƙarfe ma tona asiri ne, don laƙabi ne, soja bai taɓa buga shi ba.

Haka No.4 (T) ta maharban ɓoye. Mafi yawansu kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya juya su daga 1942, yana buga S51 a ƙasan ƙota. Ana neman TR a zoben ƙota ta hagu, T a bangon hagu, da lambar madubin hangen nesa samfurin No.32 a saman wuyan ƙota. Kuɗinta ya ninka na sauran sau da yawa, don haka kada ka yi cinikin biri a sama da hoto biyu na intanet. Ka nemi hoton kowane hatimi, ka kai wa wanda ya riƙe na gaskiya da hannunsa.

Mataki na goma: jera labarin

Yanzu koma littafinka ka rubuta abin da ka samu bisa tsarin shekaru. Ɗauki misali: No.4 mai M da 1943 a zoben ƙota, lambarta ta fara da 1 bayan harafi. A bango an ja wa Mk I layi, an zana Mk 1/2 da F da FTR da 53. Bututun na ɗauke da F53, tsagoginsa biyar. Katakon bic ne fari, da sukuru a ƙarshensa. Sakatar an goge tsohuwar lambarta an sa wadda ta dace. A bakin bututu ga BNP da 18.5 TONS. Katin da za ka rubuta mata shi ne: an ƙera uwar ƙarfe a Maltby a 1943; an yi mata cikakken gyara a Fazakerley a 1953, inda aka sauya bututu, katako da tsarin kunama; ta shiga kasuwar farar hula ta Ingila daga 1955 zuwa sama.

A katin ka ware abin da hatimi ya faɗa daga abin da kai ka yi hasashe, kowanne da layinsa, ka haɗa da hoton kowace alama da wurin da take. Hatimin da ya gagare ka ka zana shi yadda yake, ka auna girmansa, ka ajiye. Tarin samfuran da masana'antar Enfield ta riƙa ajiyewa don ma'auni yana gidan tarihin makamai na Royal Armouries a birnin Lids, kuma irin wannan zane da hoto su ne abin da za ka tura wa masana in kana neman su taya ka warware shi.